Gwaggon Laburare da Teburin Sababbin Littattafai

Kafin a buɗe ƙofar laburaren unguwarmu ta riga ta iso. Za ta cusa jakarta ƙarƙashin kanta, ta bubbuɗe tagogi, ta kunna tsohuwar fankar nan mai ƙugi, sannan ta ɗauki tsumma ta nufi wani teburi da ke daf da ƙofa. A kansa ake jera littattafan da suka fito kwanan nan. Ƙagaggun labarai a hagu, na tarihi da lafiya da sana'a a dama, na yara kuwa a kan wani gajeren benci a gefe, inda hannun ɗan ƙaramin yaro zai kai ba sai an ɗaga shi ba. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shugaban laburaren da ya girme ta. A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin da aka ɗauke ta ta yi ba shi da yawa. In kwalin sababbin littattafai ya iso ta yanke shi, ta buga wa kowanne hatimi, ta naɗe bangon da leda, ta jera. Ba wanda ya ce ta karanta. Amma Gwaggo ba ta ɗora littafi a teburin nan sai ta san abin da ke cikinsa. A lokacin hutun rana take karantawa, da cikin motar haya, tabarau a kan hanci, har kwandasta ya san sai ya taɓa ta in an iso.

Saboda haka in ka tsaya a teburin, ba ka daɗewa kana jujjuya bango.

"Wannan kada ki fara shi in kin ɗora tukunya," ta gaya wa wata nas a gabana. "Sai dai maƙwabta su jiyo ƙauri."

Wani ɗalibi ya ɗauko wani ƙaton littafi mai ƙyalli. Ta leƙo ta saman tabarau. "Ɗana, wannan bangonsa ya fi cikinsa kyau. Ga wani siriri can a kan yadda ake binciken ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya rubuta shi ya shiga rijiya da kansa, za ka ji a maganarsa."

Ni ma ban tsira ba. Da littafina na farko ya fito, da hannuna na kai mata, ina ta washe baki, ina jiran ta ɗora shi a gaba. Ta juya shi, ta sa a jaka. "Sai na gama, 'yata." Da na dawo ta ce farkonsa ya riƙe ta, tsakiyarsa ta yi gyangyaɗi, ƙarshensa kuma ya sa ta wuce tasharta. Ta ɗora shi a teburin, ta riƙa miƙa wa waɗanda ta san za su jure tsakiyar.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne na mai gyaran firji. Wani ɓangaren na gani da idona, sauran ita ta ba ni labari.

An kira shi ya duba firjin ofis, ya zo da 'yarsa, yarinyar da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Matarsa ta rasu 'yan watanni kafin nan, ba shi da wanda zai bar wa yarinyar in an tashi daga makaranta. Ta zauna a bakin bencin yara, hannu a cinya, ba ta taɓa komai ba. Gwaggo ta yi mata wasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Uban ya ce haka take tun rasuwar. A gida daga "e" sai "a'a", a aji ma malamarsu ta ce ta daina buɗe baki.

A makon ne wani littafin yara ya iso, labarin wata yarinya da ta ɓoye takalmin mahaifiyarta ɗaya don kada ta tafi asibiti, uwar ta tafi duk da haka, ba ta dawo ba. Gwaggo ta ce ta daɗe tsaye da littafin a hannu, zuciyarta biyu. A ƙarshe ba yarinyar ta ba, uban ta ja gefe.

"Ka fara karantawa kai kaɗai. In ka ga bai dace ba, ka dawo mini da abina. In ya dace, ka karanta mata da bakinka."

Ya goge hannu a wando. "Gwaggo, karatuna fa na haɗa baƙi ne. In na fara, dariya za ta yi mini."

"To ai ita muke nema."

Bayan 'yan kwanaki ya dawo shi kaɗai, fuska a ɗaure. Ya ajiye littafin a kan kanta. Ya ce bai kai rabi ba yarinyar ta fashe da kuka, ta fizge littafin ta yi jifa da shi, washegari ma ta ƙi zuwa makaranta. "Da kin bar mu yadda muke," in ji shi.

Gwaggo ba ta kare kanta ba. Ta ce ya yi haƙuri, ta yi gaggawa. Ranar ina nan. Abincin da ta zo da shi haka ta mayar da shi gida, kuma ta cire littafin daga bencin yara ta sa a durowa. Ta gaya mini tana tunanin ta daina ba mutane shawara, ta tsaya ga hatiminta da ledarta.

Mako bai cika ba, muna zaune da rana, sai ga yarinyar a bakin ƙofa, tana janye da uban da hannu. Ta wuce bencin, ta dudduba, ta zo ta kama hannun rigar Gwaggo.

"Ina na takalmin? Baba bai ƙarasa ba."

Gwaggo ta jawo durowa.

Yarinyar ta rungume littafin, ta ƙara da cewa, "Kuma yana tsallake layi. Ina kallonsa."

Ƙaton mutumin nan ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya shiga karatu da yatsa a kan layi. In ya yi tuntuɓe a kalma ta gyara masa. Da suka kai ƙarshe ta tambaye shi ko ita ma Ummanta don ba ta ɓoye mata takalmi ba ne ta tafi. Ya ce a'a, ko kaɗan, ya jawo ta jikinsa. Mu da ke wurin kowa ya sami abin kallo a cikin littafinsa. Yanzu yarinyar tana sakandare, surutunta har sai an ce ta rage murya. Uban kuma bai daina zuwa ba. Da wani sabon littafi ya fito a kan firji mai aiki da hasken rana, shi Gwaggo ta fara ajiye wa.

Ke ce, Gwaggo, kika san littafi kika kuma san mai shi. Marubuci ya rubuta, maɗaba'a ta buga, mota ta kawo, amma da yawa da sun tsufa a kan kanta ba a buɗe su ba in ba don ke ba. Sunanki ba ya bangon ko ɗaya. Mun sani, mu da muka karɓa daga hannunki.

Ido ne ya sa ta ajiye aiki. Likita ya ce ƙananan rubutu sun ishe ta haka. Ba ta yi ƙorafi ba. Watanninta na ƙarshe ta yi su ne tana zaunar da matashiyar da za ta gaje ta, tana ce mata, "Kada ki yabi abin da ba ki karanta ba. In kuma kin yi kuskure, ki ba da haƙuri, ki ci gaba." Ranar ban kwana ɗakin ya cika har waje. Direbobi, malamai, masu shago, iyaye da goyo. Aka ce ta yi jawabi, ta tashi ta ce duk wanda ya san akwai littafin laburare a ƙarƙashin matashinsa ya dawo da shi, ta yafe masa. Aka kwashe da dariya, ta zauna.

Yanzu mu muke zuwa gidanta muna karanta mata, bi da bi. Tana kishingiɗe a falo, jikoki na shige da fice, fuskarta a sake. Shekaranjiya ni ce da aiki. Ina cikin karanta mata wani sabon labari na wata uwa da ɗanta ya yi nisa da gida, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Matar mai kemis ɗin unguwarmu ta karanta wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Autanta ya tafi karatu, gidan ya yi mata faɗi. In mun gama ki biya ki kai mata."

Na kai mata jiya.

Mun gode, Gwaggo. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ki daɗe muna zuwa. Ku kuma masu karatu, ba sai kun yi aiki a laburare ba. In sabon littafi ya shigo hannunku ya yi muku daɗi, kada ku rufe shi ku ajiye. Ku tuna wa yake bukatarsa a cikin mutanenku, ku tashi ku kai masa.