Jiragen Roba na Maigidana

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa na ɗauka hutu ne ya zo mana. Ashe shi zaman ne zai dame shi. Mutum ne da ya saba da sassafe ya yi wanka, ya sa kaftani, ya tayar da babur ya tafi, ba na sake ganinsa sai bayan la'asar. To yanzu in ya dawo daga masallaci ya karya, sai ya ja kujera baranda ya rungume rediyo, ya bi tasha-tasha har labarai su ƙare, ya koma ya sake jin waɗanda ya riga ya ji. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da gidanmu a Kambarawa. In na dawo da azahar sai in tarar ya kwance famfon da lafiyarsa lau ya mayar, ko ya sauya wa kujerun falo wuri. Yara duk sun tashi. Babban yana aiki a Kaduna, matan suna ɗakunansu. Gidan daga ni sai shi.

Yana da wani aboki tun na ƙuruciya mai shagon kayan gwanjo a Ƙofar 'Yandaka, irin wanda ke kwance dila ya baje takalma da jakunkuna da tarkacen wasan yara. Can ya fara zuwa hira don rage rana. Wata rana ya dawo da wani kwali a hammata, kusurwoyinsa duk sun lanƙwashe, a samansa an zana jirgin yaƙi yana keta gajimare.

Na ce, "Malam, mene ne wannan kuma?"

Ya ce, "Jirgi ne."

Na buɗe kwalin. Ba abin da na gani sai wasu firam-firam na roba masu ruwan toka, ƙananan abubuwa maƙale a jikinsu kamar 'ya'yan itace a reshe, da wata takarda mai zane-zane.

"To ina jirgin?"

"Ga shi nan a hannunki. Sai an haɗa."

Ranar ce ya gaya mini abin da duk tsawon zamanmu bai taɓa faɗa ba. Ya ce suna yara a Ƙofar Sauri shi ne gwanin jirgin kara a unguwarsu. Yakan fere ɓargon kara ya yi fuka-fukai, ya soke su da tsinke, ya ɗaura zare yana gudu da shi a lungu. Da ya gama sakandare ya nemi shiga sojan sama, aka duba idonsa aka ce ba zai iya ba. Ya dawo gida, ya sami aikin ruwa, ya rufe maganar. Yana ba ni labarin yana juya firam ɗin a hannu, babu wani ɓacin rai a muryarsa. Ni dai na tsaya ina kallonsa, don ban san akwai sauran abin da ban sani ba game da shi.

Jirgin farko bai yi kyau ba, gaskiya. Da reza ya yanko sassan, ya liƙa su da irin gam ɗin da ake liƙe takalmi. Gam ya yi yawa, ya tsiyayo ta gefe, ya shafi murfin gilashin da ke kan kujerar matuƙi ya mai da shi fari fat. Fiffike ɗaya ya ɗago, ɗaya ya sunkuya. Yatsunsa biyu suka manne da juna, sai da na dafa ruwa ya jiƙa su. Amma da ya gama ya ɗora shi a kan talabijin, ya ja baya yana dariya, ya ce, "Wannan ko an ba shi mai ba zai tashi ba." Rabona da jin wannan dariyar tun kafin ya bar aiki.

Ɗanmu ya zo hutun sallah ya ga jirgin. Da ya koma sai ya aiko direban mota da saƙo: kwalaye sababbi, da gam na musamman mai ruwa-ruwa, da ƙananan kwalaben fenti, da burushi siriri kamar gashin ido. Daga nan teburin cin abincinmu ya tashi daga aiki. Malam ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kai, ya jera reza da samfefa da matsefata da tsinken sakace, ya ɗauke mini tire guda na zuba ƙananan sassa. Muka koma cin abinci a tabarma, wanda dama ni na fi so.

Da farko warin fentin ya dame ni, har na ce ya koma baranda. Ya koma, iska ta kwashe masa wata 'yar taya da ba ta kai ƙwayar wake ba, muka wuni muna sharar tsakar gida muna tankaɗe ƙasa da rariya. Ba mu same ta ba. Ni da kaina na ce ya dawo ciki, a buɗe tagogi.

Ban yi niyyar sa hannu ba. Abin da ya jawo ni shi ne murfin gilashin nan. Akwai wasu layuka sirara a jikinsa da ake bi da fenti, shi kuwa hannunsa yana ɗan rawa, ga yatsu manya. Ya gwada ya goge, ya sake gwadawa ya goge. Ina zaune ina duba littattafan ɗalibai sai na ji ya ce, "Hajiya, ke da kike zana wa amare lalle da, zo ki ja mini layin nan."

Na ce, "Lalle daban, jirgin yaƙi daban."

"Zo dai ki gwada. In ya ɓaci ni na ɓata."

Na karɓi burushin, na dangwali fenti kaɗan, na riƙe numfashi na ja. Layin ya tafi sak. Na ja na biyu. Kafin in ankara an kira la'asar, littattafan yara suna nan inda na bar su. Tun daga ranar aiki ya rabu: shi ke yanka da gogewa da haɗawa, ni ke fenti da liƙa tambura. Tamburan nan a jikin takarda suke zuwa, sai an tsoma su a ruwa su saki, a zame su a hankali zuwa jikin jirgi. In ka yi gaggawa su naɗe ko su yage. Na yaga da yawa kafin hannuna ya saba.

Kowane kwali yana zuwa da ɗan mutum na roba, matuƙi, da hularsa da komai. Wannan ya tsaya wa Malam a rai. Bayan sallar azahar wata rana ya sa ɗaya a aljihu ya nuna wa limamin masallacinmu. Ya dawo ya ce liman ya juya shi a tafin hannu, ya yi murmushi, ya ce jirgi dai ba rai gare shi ba, babu damuwa, shi kuwa mutumin, in zuciya ba ta kwanta da shi ba a bar shi a kwali. Shi ya sa duk jiragenmu kujerunsu babu kowa. Matuƙan muna tara su a wani gwangwanin madara a cikin kabad. Nakan tsokane shi in ce su ma ritaya ya yi musu.

A wannan tsakanin ne wata dattijuwa ta tare a gidan haya da ke bayanmu, ita da ɗanta da matarsa. Daga wani ƙauye suka taso a yammacin gari, lokacin da zama ya gagara saboda mutanen daji. Ɗan yana acaɓa, ita tana soya ƙuli-ƙuli tana bayarwa shaguna. Gidansu babu famfo, don haka takan shigo ɗibar ruwa wurinmu. Inna muke ce mata. Mace ce mai doguwar gaisuwa, sai ta tambayi gida da aiki da gajiya da yara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba, kafin ta ajiye bokiti.

Ba ta taɓa wuce tsakar gida ba sai ranar da ruwan sama ya tsare ta. Na ce ta shigo falo ta zauna kafin ya tsagaita. Ta shigo tana goge ƙafa, ta gaida Malam, ta zauna a bakin tabarma. A lokacin jirage sun cika kan kabad, ga wani a tebur mun gama masa fenti yana shan iska. Na ga idonta ya tsaya a kansa. Ta daɗe tana kallonsa.

Can ta ce, "Alhaji, wannan shi ne ke wucewa bisanmu?"

Malam ya ce, "Irinsa ne, Inna. Amma wannan na roba ne, na ado."

"Ashe haka bayanshi yake. Mu cikinshi kawai muke gani, shi ma sai ya wuce sannan ƙarar ta iso." Ta miƙa hannu. "In taɓa?"

Ya ɗauko wani da ya bushe ya sa mata a hannu. Ta juya shi, cikinsa ya kalli sama, ta ɗaga shi bisa kanta ta leƙa daga ƙasa. Ta ce, "Yauwa. Haka na san shi."

Ta ba mu labari a hankali, jirgin yana cinyarta. Ta ce in ya taho kaji sukan watse, awaki su tsinke igiya, yara su ruga ɗaki suna kuka. Manya kuwa ba su san ko su yi murna ko su ji tsoro ba. Wani lokaci in ya wuce sai a sami kwanaki ana barci lafiya, ana zuwa gona. Wani lokaci kuma ba abin da ke sauyawa. Ta ce akwai ranar da tana tsakiyar shanya gero ya keto, ta kwanta rub da ciki a kan geron, da ta tashi duk fuskarta ƙaiƙayi, jikokinta suna ta yi mata dariya. Ita ma ta yi dariya da ta zo nan. Sannan ta miƙa wa Malam jirgin da hannu biyu, ta ce, "Ba shi da nauyi ko kaɗan."

Ruwa ya ɗauke, ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Kwanaki bayan nan Malam bai zauna a teburin ba. Ya koma baranda da rediyonsa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ni tun ina yaro a hoto nake ganinsu, daga gefe. Ita a ƙarƙashinsu ta zauna." Ya ce yana ganin gara a kwashe su a kai ɗakin ciki, kada baiwar Allah ta riƙa shigowa tana ganin abin da zai tayar mata da hankali.

Na ce bari in tambaye ta. Washegari da ta zo ɗibar ruwa na faɗa mata abin da ya ce. Ta ajiye bokiti ta dube ni.

"Don ni? Haba Hajiya. Roba ce fa, mi za ta yi mani? Ki ce ya bar kayanshi inda suke. Ni na ji daɗi ma da na gan shi kusa, ya tsaya wuri ɗaya na kalle shi son raina."

Na kai masa saƙon yadda ta faɗa. Da yamma sai na ji ƙarar samfefa daga falo.

Daga nan Inna ta zama 'yar gida. In ta gama suya takan shigo da gyaɗarta a faifai ta zauna tana ɓarewa, mu muna tebur. Ba ta cika magana a kan jiragen ba. Abin da ya fi ba ta sha'awa shi ne firam ɗin robar da muke zubarwa bayan an yanke sassa, wai yana da kyau a hura gawayi da shi. Malam ya ce hayaƙinsa ba kyau ga ƙirji, ta ce to, amma na lura ko yaushe ta tashi tafiya sai ta tura guda biyu ƙarƙashin faifai.

Bara aka yi wa Malam aikin yanar ido. Likita ya hana shi duk abin da zai sa ya ƙura ido ko ya sunkuya, na wasu makonni. Ni kuma ban daɗe da yin tawa ritayar ba. Akwai kwali guda da ya fara bai gama ba, jirgi mai wutsiya biyu. Ya zauna a kujera da baƙin tabarau, ya ce in ɗauko. Ni da ban taɓa haɗawa ba sai fenti, na zauna da reza da gam, yana gaya mini daga inda yake: kada in datse dab da jikin sashen, in bar ɗan saura in goge da samfefa, in gwada haɗuwar a bushe kafin in sa gam, in ɗaure da kyauron roba in bar shi ya kwana. In na gama wani sashe sai in miƙa masa ya shafa da yatsa, ya ce nan akwai tudu, ko ya ce ya yi. Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, tana ce masa ya bar ni in yi aikina.

Da idon ya warke ya ɗauki jirgin ya kai bakin taga, ya daɗe yana dubawa ta ko'ina. Ya ce tankunan man da ke ƙarƙashin fuka-fukai na sa su gaba a baya. Na ce a ɓalle a gyara. Ya ce a'a, gam ya riga ya kama, za a fasa fiffiken. Yana nan a kan kabad yadda yake.

Yanzu damina ce, fenti ba ya bushewa da wuri, don haka mun ajiye burushi sai ruwa ya ja baya. Da safe bayan karin kumallo mukan zauna mu yanka mu goge, kowa da tirensa. Inna har yanzu tana gidan hayar nan. Ta ce in hanya ta yi kyau bayan girbi za ta je ta ga abin da ya rage na gidanta, ta dawo mana da tsamiya.