Rijiyar da Yaya Lawal ya ce kar a cike

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal, ma'aikacin ruwa, wanda 'yan Ƙofar Ƙaura ke wa laƙabi da Malam Ƙanƙara.

Sunan ya samo asali ne daga kwas ɗin da aka tura shi ƙasar waje. Can ya koyi auna dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan duwatsu, a haɗa da bayanan shekarun baya, a lissafa ruwan da za ta bayar in ta narke, bana da shekaru masu zuwa. Da ya dawo muka yi ta tsokanarsa: ƙanƙara a Katsina? Sai dai ta firji! Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake su mutanen can dutse ke ajiye masu ruwa, mu kuwa ajiyarmu tana ƙarƙashin ƙasa. Duk Juma'a yakan zura igiya a rijiyar gidanmu ya auna, ya kuma bi tsofaffin makiyaya yana tambayar yadda damina take a zamaninsu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka jawo mana famfo. Unguwa ta ɗauki murna, maƙwabta suka shiga cike rijiyoyinsu suna gina shaguna a kai. Na ce mu ma mu yi.

"Kai, Sada, mi kake faɗi?" in ji shi. "Ruwan nan ƙasa shike yi. A riƙa yasarta duk rani, a bi shi sannu sannu. In kuka cike ta, ba ku ƙara kamo shi."

Ya rasu, ko shekara biyu ba a yi ba na sa aka cike ta. Wallahi a lokacin gani nake wayewa ce.

Da zai dawo yau ya ga famfon nan ya yi tsatsa, ga 'yan garuwa na tura kura lungu lungu, na san ba zai ce "na faɗa maku" ba, ba halinsa ba ne. Bara na kira mahaƙa su sake tone rijiyar, suka wuce inda ruwan yake a da, suka ci gaba, har suka gaji ba su ga ko laima ba.

Bai bar gida a GRA ba. Ya bar gaskiyar da muka yi wa dariya, ya kuma bar matarsa, Hajiya Binta, a gidan. Ta tsufa yanzu. Nakan tarar da ita zaune da buta tana jiran mai ruwa, ga azahar na wucewa. Ba ta taɓa yi mini maganar rijiyar ba, ko sau ɗaya. Da ma faɗa ta yi mini, da na fi samun sauƙi.