Gurbin Sunan Mai Rumbun Albasa

Shekarar da na fara koyarwa a makarantar unguwarmu a Malanville, wata babbar mota ta sauke mana 'yan wasa a farkon bazara. Samari ne da 'yan mata, ɗauke da kalangu da gurmi da wani dogon shuɗin yadi. Aikinsu bin makarantu suna wasan waƙa a kan mutanen da suka fara ƙago wani abu a bakin gulbin nan: wanda ya fara ɗinka jirgin katako, da matar da ta gano turara shinkafa kafin a surfa ta. Duk garin da suka sauka sai sun nemi labarin mutum ɗaya na wurin sun yi masa baiti. Shugabarsu, wata doguwar mata mai dashasshiyar murya, ta tambaye mu malamai ko mun san wani. Ni da bakina ba ya shiru, na ce akwai shi a gidanmu.

Kakata nake nufi, uwar mahaifiyata. Kafin ta auri kakana ta yi auren fari da wani saurayi da ya ƙetaro daga Kabi. A wancan zamanin, albasa ba ta kai damina, a ƙasa ake zube ta tana ruɓewa. Shi ya fara ɗaga mata rumbun zana a kan ƙafafun itace don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Mutane suka yi ta dariya wai ya yi wa albasa gado kamar amarya. Da ruwa ya sauka, tasa kaɗai ta rage a kasuwa. Bai daɗe ba gulbi ya ci shi. Ba su haihu ba, sa'anninsa duk sun bi shi, rumbun ya bazu har ƙauyukan Madekali da Tumbutu, amma ba wanda ya san sunan mai shi sai kaka.

Na kai mata shugabar da hantsi. Kaka ta lumshe ido ta yi ta ba da labari kamar mai kallon abin a bango: yadda yake shinshina albasa ɗaya-ɗaya kafin ya jera ta, yadda yake kwanciya a ƙarƙashin rumbun da rana yana jin inda iska ke bi. Ban taɓa jin muryarta da taushi haka ba. Da aka zo kan suna sai ta ja mayafi ta rufe baki. A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta na fari, na sani, amma na zaci shekaru sun goge wannan.

Shugabar ta lallashe ta, ta ce waƙar da ba suna yara tatsuniya suke ɗaukarta, kuma gobe bayan wasa motarsu za ta tashi. Na ce ta raɗa mini a kunne, ta ƙi. Na ce to ta nuna mana wani mai irin sunan a unguwa, ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ganin mutumin zai nutse karo na biyu, kuma a hannun wadda ta fi kowa sonsa.

"Kaka, mutumin nan ya rasu tun ba a haifi inna ba. Kunyar wa kike ji?"

"Ke ɗiyag ga, mi kika sani?" in ji ta. "Shi yat tahi. Ni ina nan, da kunyata."

Na fita ina ƙunƙuni, har na ƙi cin tuwon ranar.

Washegari bayan la'asar aka yi wasan a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro na makaranta. Na ɗauko kaka a babur ɗin kabu-kabu. 'Yan mata suka kama bakin shuɗin yadin suna kaɗawa, ya zama gulbi, rana tana ratsa ganye tana sauka a kansa ɗigo-ɗigo. Ana waƙa da yaren Dendi, a juya Hausa, a ɗan taɓa Faransanci, yara suna amshi. Warin albasa yana tasowa daga kasuwa, har na rasa ko daga wasan yake fitowa. Can sai wani siririn saurayi ya fito da zana a ka, ya kafa ta a kan sanduna, ya kwanta a ƙarƙashi yana sauraren iska. Kaka ta sunkuyar da kai kamar an shigo da ita ɗakin miji yau.

Ashe shugabar ba ta jefar da baitin ba. Sun rera labarin duka, sai dai duk inda sunan ya kamata ya faɗo, mawaƙa su yi tsit, mai kalangu ya ɗaga hannu, a bar wurin fayau na ɗan numfashi guda, sannan a ci gaba. Yara suka yi ta waige-waige suna jiran wani ya cike. Ni kuwa kaka nake kallo. A kowane gurbi mayafin da ke bakinta yana ɗan motsi. Na matsa har kafaɗata ta taɓa tata, na kasa kunne, ban ji komai ba.

Da aka watse ta ce ba ta son babur, mu taka. Muka bi ta bakin gulbi a hankali, jirage suna komawa gida, gadar Gaya ta yi ja da hasken yamma. Fushina ya riga ya narke, sai wani tausayi da ya cika mini ƙirji. Na ce mata ta yafe mini, amma har yanzu ina baƙin cikin waƙar za ta zaga garuruwa ba sunansa.

Ta tsaya ta huta, tana kallon ruwan.

"Tun da anka kai ni gidanai ban taɓa kiran shi ba, ko sau guda," in ji ta. "Yau duk inda sunka yi shiru, na kira shi."

Ta rasu da damina ta gaba, ba ta faɗa wa kowa ba.