Ni Na Ɓata Kwalliyar Yayata Ranar Kamunta, Na Ɗora Wa Fatarta Laifi

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru shekarata goma sha tara, na gama sakandare ina zaune a gidanmu cikin wani lungu a Gwale, sakamako bai yi kyau ba, ni kuma ko a jikina. Duk dangi an san ni da abu biyu, baki da gaggawa. Umma kan ce da ba ita ta haife ni ba, da ta rantse ni bakwaini ce. Ba na iya jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Da ya fara bayani zan ce na gane, alhali ko kan zancen ban kama ba.

A wannan lokacin ne kwalliyar zamani ta shigo cikin gari da ƙarfinta. Umma takan yi ta mita, wai a zamanin soja amarya kwalli da hoda da lalle sun ishe ta, amma tun da farar hula suka dawo biki ya zama gasa. Ni kuwa abin ya shiga raina. Aka kai ni shagon wata Anti in koya. Kwana tara na yi na gudo, don kullum sai ta ce in wanke buroshi in tsaya in kalla. Na ce ni ba wanke-wanke na zo yi ba. Na koma kallon bidiyo a waya, shi ma ina tsallake farkonsa in je inda ake shafa janbaki. Na yi wa ƙawayena biyu kwalliyar zuwa suna, suka yaba, shi ke nan na ɗauki kaina gwana.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare ce. Tun tana ƙarama man tuya ya zubo mata, ya bar mata tabo daga gefen kunnen hagu har zuwa haɓa. Na tashi na gan ta kullum tana jan mayafi ta wannan gefen, in za a yi hoto ta koma baya. Wanda zai aure ta ya san tabon, bai taɓa damunsa ba. Amma yawancin danginsa mata ba su taɓa ganin ta ba sai labari. Da aka sa rana, ta ce min ita ba ta neman komai a bikin nan illa ranar kamu, in an ɗaga mayafinta, mutane su kalle ta ita, ba kumatunta ba. Sau ɗaya dai a rayuwarta. Har ta yi magana da Antin da na gudo daga shagonta. Da na ji haka na tayar da rigima, na ce wato tana da ƙanwa mai sana'a za ta kai fuskarta waje, so take a ce ban iya ba ke nan. Na daina gaishe ta kwana biyu. Yaya ba ta son hayaniya. Ta kira Antin ta ba ta haƙuri, ta ce min to Auta, fuskar ga ta nan, amana.

Ana saura kwana uku na shiga kasuwar Ƙofar Wambai haɗo kaya. Mai shagon wani dattijo ne, ya ajiye min kwalabe biyu masu kan feshi, tsayinsu ɗaya, kamar tagwaye. Ya ce Malama wannan firaima ce, ita ake fara sawa kafin komai, wannan kuma setin sifire, shi ake fesawa bayan an gama. Ya soma tambayata ko fatar amaryar mai maiƙo ce, don firaimar nan ta masu busasshiyar fata ce. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce Baba duk ruwa ne a kwalba, dabarar 'yan kasuwa ce a raba abu ɗaya gida biyu. Na ɗauki firaimar kaɗai don kwalbarta ta fi kyau. Ya bi ni da kallo ya ce Allah ya ba da sa'a, amma wanda ya yi daɓe bai yi rufi ba, kada ya yi kuka da damina. Na ce masa amin a gatse, na wuce.

Bikin ya faɗo lokacin kamfe, 'yan siyasa sun kama duk wani ɗakin taro mai sanyi, don haka a tsakar gidanmu aka kafa rumfa, ga zafin bazara. Yaya ta yi sati biyu ana mata dilka da halawa, fatarta ta yi laushi tana ta tsatsar maiƙo. Bayan azahar na zaunar da ita. Na fesa mata firaimar nan har tana ɗiga, ban jira ta sha iska ba na hau shafa fandeshan, wato man nan mai launin fata da ke rufe tabo. A kan tabon na yi ta ɗorawa, shafi kan shafi, har ya ɓace. Da na gama komai, sai na sake ɗaukar kwalbar nan na feshe fuskar gaba ɗaya, wai na kulle kwalliya. Yaya ta ce tana jin fuskar da santsi, ko haka ake ji? Na ce ta yi shiru, ita me ta sani. Gaskiya a wannan mintin ta yi kyau. Ta daɗe tana kallon madubi, ta juya gefen hagu, gefen da ba ta taɓa juyawa, ta yi murmushi ta ce Allah ya yi min albarka. Wannan addu'ar har yau ban manta da ita ba.

Aka lulluɓe ta da mayafi mai nauyi, ƙawaye suka kewaye ta a ɗaki, wuta kuma babu. Dangin ango suka yi jinkiri, da suka zo kuma aka tsaya cinikin kamu da ƙawaye, ana ja ana dariya. Ta fi awa ɗaya a ƙarƙashin mayafin nan. Da aka daidaita, aka fito da ita tsakar gida, gwaggon ango ta fesa mata turare, mai guɗa ta rangaɗa, aka ɗaga mayafi. Rabin kwalliyar ya tafi da mayafin. Sauran ya gangaro layi-layi har wuya. Tabon ya fito fili, kuma abin da na tara a kansa ya taru a gefensa ya yi masa zobe, kamar da gangan aka zagaye shi don a nuna wa jama'a. Guɗar ta tsaya a tsakiya. Sai wata abokiyar wasan ango, mai baki irin nawa, ta ce wannan amarya sai an mai da ita Ƙofar Mata an sake rini, tun ba a wanke ba ta zuba. Wasu suka yi dariya, wayoyi kuma suna sama. Gwaggon ce ta daka mata tsawa, ta sa gefen gyalenta ta goge wa Yaya fuska a hankali, tana cewa 'yarsu kyakkyawa ce a haka. Yaya ba ta yi kuka ba. Hannu kawai ta sa ta jawo mayafin ta gefen hagu.

Wannan duk kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da da sauƙi. Da aka shigo da ita ɗaki, Umma ta tambaye ni me ya faru. Maimakon in ce ban sani ba, sai na buɗe baki na ce ni na yi aikina, fatar Yaya ce ba ta riƙe kwalliya, wurin ƙuna ba ya karɓar komai, ko wa aka kawo haka za ta faru. Na faɗa da ƙarfi, a gaban ƙawayenta. Yaya ta ɗago ta ce in yi haƙuri, ta sa na sha wahala a banza, ta kuma ja min abin magana a sana'ata. Ita ta ba ni haƙuri. Ni kuma na karɓa.

Bayan shekara biyu, da na ga babu mai kira na, na sauke kai na koma wurin Antin nan. A satin farko ta koya min abin da dattijon kasuwa ya so gaya min. Firaima shimfiɗa ce, ita ke gyara fata ta toshe ƙofofin gumi don fandeshan ya sami wurin zama, kuma kowace fata da irin tata, sannan sai an bari ta bushe. Setin sifire kuwa rufi ne, shi ke ɗaure abin da aka gama don kada zufa ko mayafi su kwashe shi. In ka fesa firaima mai maiƙo a saman kwalliya, narkar da ita ka yi da hannunka. A gabana ta yi wa wata amarya mai tabon da ya fi na Yaya girma, matar ta wuni a rana ba abin da ya motsa. Na shiga bayan shago na yi kuka, Anti ta ɗauka kaina ke ciwo.

Duk da haka sai da na ƙara shekara guda ban faɗa ba. A tsawon wannan lokacin Yaya ko hoda ta daina shafawa. Ba hoton kamu ko ɗaya a ɗakinta. In ana biki a dangin mijinta sai ta ce ba ta jin daɗi. Ranar da za a yi sunan 'yarta ta biyu na je da akwatin kayana da sassafe, na ce ta zauna in yi mata. Ta yi dariya ta ce in bar wahalar da kaina, ai ni da bakina na gaya mata irin fatarta. A nan na durƙusa na faɗa mata komai, har maganar dattijon. Ta ci gaba da jijjiga jaririyar. Daga baya ta ce kwalliyar da ta zube ba ta dame ta ba, wannan ta wuni ɗaya ce. Abin da take so in gaya mata shi ne yadda na iya kallon ta shekara uku tana ƙin fuskarta a kan maganar da na san ba gaskiya ba ce. Ta ce ta yafe, don Allah yana son masu yafiya, amma in rufe akwatina. Har yau da nake rubuta wannan, na yi wa amare da yawa kwalliya, Yaya ba ta sake bari hannuna ya taɓa fuskarta ba.

'Yan uwana masu sha'awar sana'ar nan, ku tsaya a gama muku bayani. Kwalabe biyu in sun yi kama, ku tambaya, ba a banza aka raba su ba, kuma kada ku koyi aiki a fuskar da ranarta ɗaya ce. In kuma kun ɓata, ku ce ni ce, nan take, kafin bakinku ya samo wanda zai ɗora wa. Fandeshan da ya zube ruwa da sabulu sun wanke shi tun a daren. Maganar da na faɗa don in kare kaina kuwa, har yanzu tana kan kumatun yayata.