Ranar da Metir ya ƙi buga tapi

Abubuwa da yawa sun goge daga kaina, har da rabin abin da na karanta a jami'a, amma ranar da hannun Metir ya karye a gabana ba za ta taɓa gogewa ba. Na gaji da tuna ta, ita ce dai ba ta gaji da ni ba.

Lokacin na dawo Dogon Dutsi daga Yamai da lisansi, wato digirin farko, a hannu, babu aiki. Metir, wato malam, kamar yadda muke kiransa, shi ke koyar da jujitsu a wani tsohon aji da ya shimfiɗa wa tapi, wato katifar wasa. Ya yi shekaru yana fita gasa a waje, sannan ya dawo gida da niyyar koya wa ƴan Arewa wasan. Wasan yana kama da kokawa, sai dai kaye ba ya ƙare shi. A ƙasa ake ci gaba, har wani ya murɗe hannun wani ko ya shaƙe shi. Wanda ya ga babu mafita sai ya buga tafinsa a kan tapi, nan take a sake shi. Darasin farko ke nan ga duk wanda ya shigo: "Ka buga da wuri, gobe ka dawo da hannunka."

Ni ban yi ƙarfi a wasan ba. Dokokin na iya. Na karanta littafinsu na Faransanci sau uku, na ja layi da jan biro. Ina jin shi ya sa, da Metir ya shirya karawarsa ta ƙarshe, ya ce ni zan yi alƙalanci.

Ɗalibai ne suka yi ta raguwa, don a gari ana cewa wasanmu birgima ce kawai. Sai Metir ya gayyato wani matashin gwani daga Yamai, su kara a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa. Daga nan, in ji shi, ya bar gasa, sai koyarwa.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne zuwan mahaifin Metir. Tsohon ɗan kokawa ne, ya taso daga wajen Kore Mairuwa har da makaɗinsa. Ina tsaye kusa lokacin da ya kira ɗansa gefe.

"Yaro, an ce min a wasan nan naku, in mutum ya ji wuya sai shi daddaɓa ƙasa a sake shi. Gaskiya ne?"

"Haka ne, Baba."

"To. Mu dai a gidanmu kaye muka sani. Ba mu san roƙo ba."

Metir ya yi ƴar dariya, ya sunkuya yana gyara ɗamararsa. Na ji maganar, na ga kuma yadda ya daɗe a sunkuye. Wataƙila a nan ya kamata in ce wani abu. Ban ce ba.

Bayan la'asar aka fara, tapi a kan yashi, mutane sun yi da'ira. Makaɗi na zuba wa Metir kirarin babansa. Ba a jima ba Metir ya ɗauki baƙon ya maka da ƙasa, sai wuri ya ɓarke da ihu, wasu har sun faɗo fili za su ɗaga shi, don a ganinsu an gama. Ina ta korarsu ina cewa da saura. Kafin in juyo, baƙon ya maƙale hannun daman Metir tsakanin cinyoyinsa, ya miƙe shi, yana ja.

Duk wanda ya yi wata guda a ajinmu ya san babu fita daga nan. Hannun hagun Metir na shimfiɗe a kan tapi, tafin a buɗe. Na zuba masa ido ina jira. Bai motsa ba. Baƙon ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Alƙali! Alƙali, ka tsai da!"

Doka ta ba ni ikon tsayarwa in na ga haɗari. Na san shafin. Amma sai na shiga tunani: ƙila yana da wata dabara da bai koya mana ba, in na tsai da, za a ce ni na kayar da shi a gaban babansa, bari in ƙara masa ɗan lokaci. Ina cikin wannan aune-aune na ji ƙas, kamar an taka busasshen karan gero. Makaɗin bai gane ba, ya ci gaba da kiɗa.

An kai Metir asibiti, daga baya aka kai shi wurin mai ɗori. Hannun ya warke, amma bai sake miƙewa ba. Baƙon ya koma Yamai yana kuka. Tsohon kuwa, duk wanda ya je dubiya sai ya ce masa, "Kun gani? Bai roƙa ba." Ban iya jin haushinsa ba. Abin da ya sani ke nan.

Sai da na yi sati biyu kafin in iya zuwa duba Metir. Na zauna a bakin tabarma na ce, "Metir, da na tsai da."

Ya kalli hannun. "Da na buga, ƙanena," ya ce. "Shekara nawa ina gaya muku?"

Daga nan ba mu sake tayar da maganar ba. Har yau yana koyarwa, amma da baki. Ni ke kwanciya a tapi in nuna abin da yake faɗi, ni da ban taɓa ƙwarewa ba. In sabon ɗalibi ya zo, Metir ba ya dogon bayani, ɗaga lanƙwasasshen hannun kawai yake yi.

Ban zama mai saurin yanke shawara ba, kada in yi ƙarya. Amma na koyi cewa shirun wanda aka ba ikon tsayarwa shi ma hukunci ne, kuma a jikin wani yake sauka. Yanzu in na ga hannu ya miƙe a aji, ba na jiran kowa ya buga. Tsayarwa nake yi, in ya so a ji haushina.