Bandakin da Ya Kalli Gabas

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Katsina, ni da direba da wani ɗan ofis mai riƙe da takardar zane. A bayan a-kori-kura mun ɗaure bandakunan roba guda biyu, irin na tafi-da-gidanka, suna tsaye kamar an sayo firji.

Na haura shekara ashirin a aikin gini, tun daga ɗaukar bulo har na zama shugaban leburori, ban taɓa zaton za a aike ni rakiyar masai ba. Amma ɗan kwangilarmu ya ce in je. Akwai ajujuwan makaranta da muke ginawa tsakanin Batsari da Safana. An kai wa ma'aikata bandaki biyu tun sati biyu da suka wuce, ba wanda ya shiga, gonar gero suke kewayawa. A wannan yanki, da damina, gero ya fi tsayin mutum, wanda ya shiga yana iya karo da 'yan bindiga a tafi da shi har butarsa. Aikina in gano dalili, in ƙara waɗannan biyun, in tsara wurin.

Hanyar Batsari ba laifi, sai inda ruwa ya ci gefenta. A kowane shinge sai an tambayi abin da muka ɗauko. Wani jami'i ya hau ya buɗe ƙofar ɗaya, ya leƙa, ya rufe, ya ce Allah ya ba da sa'a. Gonakin bakin titi sun yi kyau, gero da dawa da gyaɗa kore shar. Na can ciki kuwa ciyawa ce ta gaje su.

A Batsari muka karya da koko da ƙosai. Kuɗin da a da zai cika maka kwano, yanzu ƙosan da zai saya za ka tafi da su a tafin hannu ɗaya. Mai suyar ta ji harshena ta tambayi garinmu. Na faɗa mata, wani ɗan ƙauye ne bayan Runka, wanda yanzu ko kaza babu a cikinsa. Ta ƙara mini ƙosai biyu. Shekara shida rabona da ƙauyen. Can mahaifiyata take kwance.

Da hantsi muka isa wurin aiki. Ɗan ofis tun a mota yake cewa ƙauyanci ne kawai, ba su san abu mai kyau ba. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ina sauka na ga matsalar. Wanda ya kawo bandakunan ya juya ƙofofinsu wajen titi, titin kuma gabas yake. Duk wanda ya tsuguna ya fuskanci alƙibla. Wane Musulmi zai yi haka? Ga shi an dasa su daf da inuwar da ake cin abinci, dattijo zai shiga yaran da ya haifa suna kallo. Ruwan tsarki kuma babu ko ɗigo.

Ban yi dogon surutu ba. Muka ɗaga su zuwa bayan tarin yashi, cikin shinge, nesa da rijiya, inda motar kwashewa za ta iya kaiwa. Duka huɗun muka juya su arewa. Na sa aka kewaye da zana, aka ajiye duro cike da ruwa da butoci. Ɗaya na manya, uku na sauran, don mutum talatin ne da ɗoriya. Kafin a tashi cin abinci har an fara layi. Ɗan ofis ya gyara zanensa da biro.

Bayan azahar ina cin ɗanwake sai na hangi wani tsohon birkila ya ɗauki buta ya nufi gero. Raina ya ɓaci. Na bi shi na tare shi a bakin shinge, na gaishe shi yadda ya kamata.

"Baba, mun juya su. Me ya rage kuma?"

"Ba abin da ya rage, ɗana. Aikinka ya yi kyau."

"To ina za ka?"

Ya kalli butar. Sannan ya ce bayan geron akwai tudu, in ya hau yana hango giginyun garinsu, wanda su ma suka baro. Kullum yakan je ya tsaya kaɗan ya dawo. "Butar don kada yaran nan su ce tsoho ya zare ne."

Na fasa faɗan da na zo da shi. Amma ba zan bar mutum yana shiga gero a wurin aikina ba. Na sa kafinta ya jingina tsani a ajin ƙarshe, wanda ba a buga wa kwano ba tukuna. Muka hau, shi gaba ni baya, muka zauna kan katanga. Ya miƙa hannu yamma, ga giginyun can su biyar, ƙanana kamar tsinke. Ya ce daga nan ma sun fi fitowa. Ya nuna mini wajen da gonarsa take da inda kasuwarsu ke ci. Ni kuma na yi ta neman dutsen da garinmu ke bayansa. Hadari ya rufe wajen, ban ga komai ba.

Ya yi mini alkawari ba zai sake shiga gero ba muddin tsanin yana nan. Muna sauka ya tambaye ni, "Idan an buga kwano fa?" Na dai ja kafinta gefe na ce masa wannan ajin shi ne na ƙarshe a rufi, kuma kada ya yi sauri.

Ba mu jira la'asar ba, don ba mai hankalin da ke bari yamma ta same shi a hanyar nan. Ta Safana muka biyo, babura da a-kori-kura kowa na hanzarin shiga gari. Na sayi gyaɗa ɗanya ta yara. Kafin magariba muna Katsina.

Ga masu irin aikina, ga abin da na koyo. Kafin ka ajiye wa mutane bandaki, tambayi ina ne gabas, ina suke cin abinci, ina ruwa yake. In ka gyara duk wannan ka ga mutum yana fita, kada ka fara da zagi, tambaye shi. Na gaya wa ɗan kwangila aiki ya kammala, ya ji daɗi. Na shiga gidan hayata, yara suka yi ta sannu da dawowa gida. Na amsa musu. Ban gaya musu cewa yau na je tafiyar rabin awa a babur daga gida, na juyo ba.