Ta'aziyyar Matar Da Ban Aura Ba

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla, mu huɗu a tsohuwar motar majigi da muka roƙo aro. Sadakar bakwai ɗin Hajiya za mu, a ƙauyensu da ke bayan Gwiwa. Wanda bai san Hajiya ba, ai ya san Talatu Kunnen-Ƙashi, sunanta na wasa. Tun kafin Bature ya tafi muke wasan kwaikwayo da ita, a dandali da kuma majigin da ake zagawa da shi ƙauyuka. Kullum ita ce fitinanniyar mata, ni ne mijin da ake kifa wa tuwo a gaba. Wanda ya fi fita shi ne wasan lamba, inda ta ɓoye jaririnta a rumbu don kada masu rigakafi su taɓa shi, agana ta kama shi ya mutu. Jaririn nan kuwa tsumma ne muka naɗe a zane.

Wasiƙar 'yarta ce ta hana ni zama. Ta ce shekara biyun da Hajiya ta yi tana jinya a gida, ba macen da ta yarda ta miƙa mata goyo. Ta rasu, an zauna makoki, amma har yau ba wanda ya buɗe baki ya yi mata shaidar alheri, sai dai a ce Allah ya yafe mata abin da ta aikata. Ta ce, "Baba, ka zo ka gaya musu wasa ne kafin a watse."

Kwalta zuwa Kazaure sabuwa fil, kuɗin fetur ya yi rana. Direbanmu ne matsalar. Tun da aka koma tuƙi a hannun dama shi bai koma ba, bai kuma zauna a hagu ba, ya raba gardama yana bin tsakiya. Duk motar siminti da ta tunkaro mu sai na yi kalmar shahada.

A tashar Kazaure muka karya. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, mai tuyar kuma har yanzu da sule take ciniki, ta ce ita wannan naira ba ta shige ta ba. Tana ɗago kai ta saki matsami. "La! Mijin Talatu! Malam, mun ji labari. Ashe ka huta." Na ce, "Baiwar Allah, ba matata ba ce, wasa ne. Mijinta tela ne, ya rasu tuntuni." Ta dube ni da tausayi, ta ƙara mini gyara har uku, ta ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Da haushi na cinye su.

Daga nan muka sauka kan jar hanya. Ɗaya daga cikinmu mutumin Babura ne, ya rantse ya san ƙasar nan kamar yunwar cikinsa. Sai da ya zagaya da mu wani dutse sau biyu a wajen Roni sannan ya tuna rabonsa da nan tun yana makarantar elementare. Ƙasar dai ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba: gero ya fi mutum tsawo, duwatsu sun yi kore, ruwa kwance a kowane kwari. A wani kwari daga cikinsu muka kafe har gindi.

Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka zo suka tura mu, matansu suka dama mana fura da nono mai sanyi, irin wanda ba a yi wa algus. Na fara hucewa ke nan sai dattijonsu ya ƙura mini ido. Ya ce shi fa ya taɓa jifan allon majigi da sanda saboda ni. "Amma kai ma da laifinka. Me ya hana ka sake ta tun farko?" Kai jama'a! Abokan tafiyata, waɗanda suka san komai, maimakon su sa baki sai suka kwashe da dariya. Daga nan har Gwiwa gwauro suke kira na.

Gwiwa kuma ranar kasuwa muka tarar. Jakuna, kekuna, 'yan tallan rake, ba masaka tsinke, kowa yana tare mu yana tambaya ko yau za a nuna majigi. Rana tana yi, mota tana rarrafe, ni ina ta duba agogo.

Bayan azahar muka isa. An riga an raba gumba, mutane na laluben takalmansu. Ban ko zauna ba na yi sallama na ce a ba ni minti biyu. Na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce babu jariri, babu rumbu, babu aure, aiki ne aka ba mu don a yarda da rigakafi. Na ce matar nan ko kaza ba ta iya yankawa. Suna ta gyaɗa kai. Na ɗauka maganata ta shiga, sai na ji wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi, "Ka ga ɗan halak, har yanzu rufa mata asiri yake." Wallahi saura kaɗan in tuɓe hula in buga da ƙasa.

Sai wata tsohuwa tukuf ta dogaro sanda daga zaure. Aka ce ƙanwar mahaifin Hajiya ce. Ta ce, "Ɗan nan, bar dogon zance. Ni kwana bakwai ban runtsa ba. Mace ba ta kwanciya lafiya da haƙƙin miji a kanta. Ka yafe mata ko ba ka yafe ba?"

Na buɗe baki zan sake cewa wasa ne, sai na hango 'yar Hajiya ta leƙo ta jikin zana, idanunta jawur, tana kallona. Na haɗiye maganata. Na ce, "Gwaggo, na yafe mata duniya da lahira. Ban taɓa ganin sharrinta ba."

Liman ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu, waɗanda suka sa takalmi suka tuɓe. Ana shafawa sai baki ya buɗe. Wani ya ce ai ita take karanta masa wasiƙun ɗansa da ke aikin soja. Wani ya ce da matarsa ta haihu, ita ta aiko da zane ta hannun maƙwabta don ta san ba za a karɓa daga hannunta ba. Daga cikin gida ma muka riƙa jiyo mata suna nasu. Ashe duk sun sani, jira suke a ba su izini. Har la'asar ana yi.

Da za mu tafi 'yar Hajiya ta fito ta durƙusa. Na ce, "'Yata, har yanzu fa ba su gane ba." Ta ce, "Baba, ni dai na ji an faɗi alherin uwata a garinsu. Ya ishe ni."

Mun iso Kano bayan isha, jiki duk jar laka, ba wanda ya ƙara ce mini gwauro. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai yi mini daɗi ba. Shekara da shekaru muna alfahari mutane sun yarda da wasanmu, ba mu taɓa tambayar wa yardar take ci ba. Duk ranar da za a raba aiki, ni da bakina nake cewa a ba Hajiya muguwar, ita ta fi iyawa, ita kuma ta yi murmushi ta karɓa. Na sha wahalar hanya na je na yafe wa wadda ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ni da ya kamata in roƙe ta gafara, na makara da kwana bakwai.